Farin Sukarin Zainu Manaja

A Kudan, a shekarun da Turawa suka fara tattara komatsansu ƙasa ta dawo hannun 'ya'yanta, an yi wani mutum ana kiransa Zainulabidin. Sunan ya yi wa mutane tsawo, suka gutsure shi ya koma Zainu. Shi kuma ya ga abin da ya rage ya yi masa kaɗan, ya ƙara Manaja da kansa. Sana'arsa dafa mazarƙwaila. Yana da gonar rake a fadama, da injin matsa rake irin wanda dabba ke juyawa, da wani baƙin doki mai haƙuri da ake ce wa Akawal. In gaskiya za a faɗa, mazarƙwailarsa ba ta da laifi, har daga Ikara da Hunkuyi ana zuwa sarinta. Da ya tsaya a nan, da babu labari.

Abin da ya lalata shi, ya taɓa zuwa Kaduna cin rani, ya yi sharar bakin ƙofar wata masaƙa har aka kore shi saboda surutu. Tun da ya dawo babu injin da bai sani ba a duniya. In jirgin sama ya gitta, sai ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce direban bai canja giya da wuri ba.

Wata safiya yana zaune a teburin Ɗan'azumi mai shayi. Ɗan'azumi taubashinsa ne, don haka babu abin da ba sa gaya wa juna. Ya buɗe sabon kwalin sukari mai ƙwaya, irin wanda ake kawowa daga Ingila, ya jefa wa Zainu ɗaya a kofi. Zainu ya yi wuf ya tsamo ta da cokali kafin ta narke, ya ɗaga ta sama yana jujjuyawa. Ya tambayi mutanen teburin da me ake yin wannan abu. Aka ce da rake. Ya ce to ina ne gidan rake a duniya in ba Kudan da Makarfi ba? Ya ce abin kunya ne a ce an sauke tutar Bature an ɗaga tamu, amma har yau Bature na kwance a gindin kofin kowa.

"Daga bana an gama," in ji shi. "Ni zan yi wa Nijeriya farin sukari. Nan gaba jirgin ƙasa a ƙofar gidana zai riƙa tsayawa ɗaukar kaya."

Ɗan'azumi ya ce, "To ka fara faɗaɗa ƙofar, don yanzu ko jaki sai ya karkace yake shiga."

Zainu bai kula shi ba. Ya rage murya, ya gaya musu sirrin da ya ce ya gano a Kaduna, wanda Turawa ke ɓoye wa baƙar fata: sukari ba komai ba ne illa mazarƙwailar da ta yi wanka.

Kashegari ya cika buhu da mazarƙwaila mafi kyau, wadda wani ɗan sari daga Ikara ya ce a ajiye masa. Ya kai ta rafi, ya ɗaure bakin buhun da igiya a jikin wata bishiya, ya jefa cikin ruwa. Ya koma inuwa ya miƙe yana tunanin inda zai gina ofis, har barci ya kwashe shi. Da ya farka ya jawo igiyar, ya ji ba nauyi. Ya buɗe buhun, ya zura kai, ya zazzage. Ko ɓarɓashi babu.

Can ƙasa da shi kuwa rafin ya rikice. Wani Bafillace mai suna Ja'e yana ta jibgar shanunsa, sun kafa baki a ruwa sun ƙi ɗagowa. Matan da suka zo wanki suna ta salati, wata tsohuwa ta ce wata jijiyar ruwan Aljanna ce ta ɓalle, tana cika tulu za ta kai wa jikokinta tabarruki. Zainu ya naɗe buhunsa ya bi ta cikin rake ya gudu gida.

Amma da safe a teburin shayi ƙirjinsa a buɗe yake. Ya ce aikin ya yi kyau har ya wuce yadda ake so, sukarin ya yi farin da ido ba ya iya ganinsa. Ɗan'azumi ya taya shi murna, ya haɗa masa baƙin shayi mai ɗacin tsiya, ya miƙa masa, ya ce ai ya riga ya zuba masa ƙwaya uku na sabon samfurin. Mutane suka zuba ido. Zainu ya kurɓa, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya haɗiye da ƙyar, ya ce zaƙin ma ya ɗan yi yawa.

Dabara ta biyu a tsakar gidansa ya tsince ta. Ya ga matarsa Lantana tana zuba bula, shuɗin garin nan na wanki, a ruwan ɗaurayar rigarsa ta Juma'a, ya tambaye ta amfaninta. Ta ce ita ke fito da farin kaya. Ya tsaya ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Tana shiga ɗaki ya kwashe bular gaba ɗaya, ya nufi wurin dahuwa, ya juye ta cikin kasko lokacin da ruwan rake ke tafasa.

Abin da ya fito ba fari ba ne, ba shuɗi ba ne. Kore ne shar, kamar gansakukar bakin rijiya. Zainu ya gutsura ya tauna don ya ji ko ɗanɗanon ya canja, ya ƙara, ya ƙara, sannan ya tafi masallaci. Bayan an idar ya je gaida liman, ya buɗe baki zai ce barka da Juma'a. Liman ya ja da baya har ya taka ƙafar ladan, ya tambaye shi ko a marina ya yi kalaci. Kafin ya kai gida rabin garin na biye da shi ana roƙonsa ya ƙara cewa wani abu.

Ya tsaya a ƙofar gida ya yi musu jawabi da koren harshe. Ya ce jahilci ne ke damunsu. Ya tambaye su launin tutar Nijeriya, aka ce kore da fari. Ya ce to ga kore ya samu, saura fari, rabin aiki ya kammala ke nan.

A cikin gida Lantana ba ta yi dariya ba. Kaskon nan guda abincinsu ne na kwanaki, ga shi ko awaki sun sansana sun wuce. Ta zame ɗankwalinta ta nuna masa kanta. "Malam, in fari kake nema, ga furfurar da ka sa mini. Tsige ka zuba."

Ya ce mata haka matan manyan mutane ke yi da farko, amma ranar da za ta shiga mota ita za ta fara neman gafararsa.

Ya kwana biyu yana zama a gindin inji, ya yi tagumi, yana kallon Akawal na zagayawa. Can wata rana ya miƙe zumbur ya dafe kai. Ashe abin a gabansa yake bai gani ba. Yaya za a yi baƙin doki ya matso farin sukari? Nan take ya kwance Akawal ya ja shi zuwa rugar Ja'e, ya ce musaya yake so da farin sa, wanda babu ɗigon baƙi a jikinsa. Ja'e ya dubi dokin, ya dubi Zainu, ya tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Da ya tabbatar da gaske yake, ya shiga garke ya fito masa da wani fari tas mai ƙaho kamar an buɗe hannu, wanda tun da aka haife shi igiya ba ta taɓa wuyansa ba.

Sai da ƙarti suka taru kafin a ɗaura shi a jikin doguwar sandar injin. Sa ya kafe ƙafafu ya ƙi motsi. Zainu ya lallashe shi da Hausa, ya daka masa tsawa da Turancin bakin masaƙa, ko kunne bai kaɗa ba. Ɗan'azumi, da ya rufe teburinsa don ya zo kallo, ya ce ai wannan Fillanci kaɗai yake ji. Zainu ya ce Fillanci ai a bakinsa ya girma. Ya tuno wata kalma da ya taɓa ji ana faɗa a ruga, ya kama kunnen san ya kurma masa ita.

Har yau ba a san abin da kalmar ke nufi ba, amma dai san bai ji daɗinta ba. Ya zabura da gudu. Sandar ta zagayo ta kwashi Zainu ta ciki, ya rungume ta, ƙafafunsa na lilo a iska. Inji na kuka, ruwan rake na feshi a fuskar 'yan kallo, shi kuwa duk zagayen da aka kawo shi kusa da mutane sai ya ce musu kada kowa ya tsorata, haka injin kamfani ke gudu. A wani zagayen sandar ta ɓalle daga uwar injin. Zainu ya faɗa cikin tarin ɓawon rake, sa ya ja sandar ya keta dangar Mairo mai ƙosai, ya kifar da ƙullunta, ya fita ta bayan gida ya miƙe sai ruga.

Mairo ta fito da ludayi a hannu, ta tono Zainu daga cikin ɓawo, ta bi shi har kan kwana tana ambaton kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Da ƙura ta lafa ya je ruga neman ko dai doki ko sa. Ya tarar da toka da kashin shanu. Ja'e ya tashi ya yi kudu neman ciyawa, da dokin da san duka.

To rake ba ya jira, in an sare shi ba a matse ba tsami yake yi. Zainu ya gyara sandar, ya nemi Lantana ta taya shi turawa, ta ce ita ba a kawo ta gidan nan a matsayin Akawal ba. Dole ya rataya igiya a ƙirjinsa ya shiga zagaye da kansa. Mutane suka riƙa zuwa da tabarmi. Ɗan'azumi ya kawo masa damin harawa ya ajiye a gefe, ya ce in ya gaji ya ɗan taɓa. Zainu yana haki ya ce su yi dariyarsu, manyan kamfanonin Ingila ma duk haka masu su suka fara.

Abin da ya samu daga sauran raken gonar bai fi cikin kasko ɗaya ba. Wannan karon ya ce ba zai roƙi fari ba, cusa shi zai yi da ƙarfi. Ya kwashe garin rogon Lantana, ya samo farar ƙasa, ya daka kanwa ungurnu mai yawa don ita ma fara ce, ya zuba duka a kaskon ya tuƙa har hannunsa ya sage. Ya baza a faranti, ya yayyanka ƙwaya-ƙwaya da wuƙa, ya shanya a kan soro.

Da rana ta gasa su ya sauko da su, sai ga abu fari fat, mai kusurwa huɗu, kamar daga cikin kwalin Ingila aka zazzago shi. Lantana kanta sai da ta matso ta leƙa. Zainu ya ji hawaye na neman zubo masa. Ya ɗauki ɗaya ya lasa, ya ji zaƙi. Ta ce ya jefa a ruwan zafi ya gani tukuna. Ya ce manaja ba ya cin kayan kamfani. Ɗan'azumi ya nemi ƙwaya ɗaya ya gwada, ya hana shi, ya ce mai sayar da sukarin Turawa ɗan leƙen asirinsu ne.

Kudan ta yi masa kaɗan. Ya ce a kasuwar Makarfi za a buɗe kamfani, inda fatake daga ko'ina za su gani su kai labari. Ya ɗauki maroƙi ya zagaya gari yana shela. Ya aro wata tsohuwar kwat mai kauri ya ɗora a kan rigarsa, ana tsakiyar zafin bazara. Ɗan'azumi ya ɗora garwar shayinsa a jaki ya bi shi, ya ce ko abin ya yi ko bai yi ba, shi dai ba za a ba shi labari ba.

Ranar kasuwa wuri ya cika. Masu hatsi suka bar buhunansu, mahauta suka zo da wuƙaƙe a hannu. Aka shimfiɗa wa Sarkin Kasuwa buzu a gaba, wani dattijo mai ƙasaitaccen gemu da yake shafawa kafin ya yi magana da bayan ya gama. Zainu ya hau turmi, gumi na tsiyaya daga cikin kwat. Ya yi jawabi da Hausa, ya juya da Turancinsa, ya dawo ya fassara wa kansa. Ya ce daga yau kofin ɗan Nijeriya ya sami 'yanci. Aka yi tafi. Ɗan'azumi ya zuba shayi, Zainu ya jefa ƙwaya biyu a kofin Sarkin Kasuwa da hannunsa, ya durƙusa ya miƙa.

Dattijo ya sa cokali ya juya. Aka ji ƙwaran-ƙwaran. Ya ƙara juyawa, ya leƙa. Ƙwayoyin na nan zaune a gindin kofi, ko gefensu bai zaizaye ba.

Amma bakin Zainu bai tsaya ba. Ya ce wannan ai shi ne ingancin. Na Turawa ragon sukari ne, da ya ga ruwa sai ya watse. Namu kuwa jarumi ne, in ka gama shan shayi sai ka tsamo shi ka shanya, gobe ka sake sawa, ƙwaya ɗaya ta kai magidanci shekara. Wasu tsofaffi masu iyali da yawa suka fara gyaɗa kai.

Sarkin Kasuwa ya ce bari dai ya ji ɗanɗanon. Ya tsamo ɗaya ya jefa a baki ya gartsa. Aka ji ƙaras har rumfar masu gishiri. Ya rufe ido, ya tofo wani farin abu a tafin hannunsa. Zainu ya kama hannun ya ɗaga wa jama'a.

"Jama'a ku dubi fari. Ko a Ingila an taɓa yin irin wannan?"

Dattijo ya fizge hannunsa. "Haƙorina ne, ɗan banza."

Kasuwa ta kece da dariya. Zainu ya ce ransa ya daɗe, laifin Ɗan'azumi ne, shayinsa bai yi zafin da ya dace da sukari mai daraja ba. Kafin a tare shi ya ɗauki kwandon ƙwayoyin gaba ɗaya ya juye a garwar shayi, ya tura itace, ya rufe murfi, ya ɗora ƙafa a kai, ya riƙe ƙugu. Ɗan'azumi ya kwashe kofunansa ya koma bayan jakinsa.

Garwa ta fara gurnani. Rogo ya ji wuta ya kumbura, kanwa ta taso da kumfa. Murfin ya soma rawa, ƙafar Zainu na rawa tare da shi, yana cewa wannan ƙarfin zaƙi ne ke motsi. Sai murfi ya yi sama, Zainu ya yi baya ya zauna cikin kwandon barkonon wata mata. Wani farin talge mai kauri ya yi tsalle ya sauka a kan na sahun gaba, mafi yawansa a gemun Sarkin Kasuwa. Dattijo ya kai hannu zai shafa kamar yadda ya saba, hannun ya manne. Kafin a kawo ruwa gemun ya sandare ya miƙe gaba kamar tsintsiyar kwakwa, ƙudan zuman da ke rumfar masu mazarƙwaila suka ji ƙamshi suka taso gayya guda.

Aka watse. Masu gudu na ture masu dariya, masu dariya na faɗawa kan tumatir. Da aka kore zuma da hayaƙi aka jiƙa gemu, 'yan doka suka kamo Zainu a bayan rumfar masu tukwane, ido ɗaya a kumbure. Wasu suka ce a kai shi gaban alƙali. Sarkin Kasuwa, yana magana iska na fita ta sabon giɓinsa, ya ce ba sai an wahalar da alƙali ba. Ya sa aka kankaro abin da ya rage a garwa aka cika ƙwarya, ya ce tunda mai kamfani ya ce abin kirki ne, ya shanye a gaban jama'a.

Abin ba ya shawuwa, sai da hannu. Zainu ya naɗe hannun kwat ya zauna ya yi ta loma, mutane na kewaye da shi. Da ya suɗe ƙwaryar ya ɗago ya ce madara kawai ya rasa.

Kanwa ba ta bari ya fita garin Makarfi ba ta fara aikinta. Waɗanda suka biyo hanyar Kudan a ranar sun ce babu gonar raken da Manaja bai shiga ya duba ba, yana fitowa yana gaya wa masu wucewa fili yake nema na sabon kamfani, kafin ya gama maganar ya sake komawa ciki da gudu.

Ya yi kwanaki a kwance. Ba doki, ba rake, ba garin rogo, sai wani faranti ɗaya na ƙwayoyin da ya manta a kan soro. Lantana ta ce ba za ta yi asara biyu ba. Ta daka su, ta jiƙa, ta shafe bangon zaure da na ɗakinta. Abin mamaki, bango ya yi fari ƙal, yana ɗaukar ido, ko an goga ba ya fita. Matan unguwa suka fara leƙowa suna tambaya.

Labarin na isa kunnen Zainu ya miƙe daga kwanciya. Ya fita da sanda yana dogarawa, ya isa teburin shayi, ya ce shi dama tun farko fenti yake haɗawa, sukarin nan dabara ce don kada Turawa su gane. Ya gayyaci duk wanda ke wurin ya zo ya ga aikin kamfani da idonsa. Suka taso suka bi shi, yana gaba yana bayanin yadda za a shafe Kaduna da Ikko.

Suna shan kwana suka tsaya. Awakin Kudan kaf sun yi sahu a jikin zauren, wasu a tsaye kan ƙafafun baya, suna lasar bango ido a lumshe. Sun cinye farin iya tsayinsu, sun shiga cin jar ƙasar, har gindin bangon ya fara rami.

Zainu ya dube su, ya juyo ya dubi jama'a, ya gyara tsayuwa. Ya ce to ga shaidu nan, waɗanda ba a ba su cin hanci ba. Ya ce dama ya faɗa, kayansa ba su da aibu, mutanen Makarfi ne ba su san zaƙi ba.

Ɗan'azumi ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai muryar Lantana ta taso daga cikin gida.

"Manaja, in ka gama jawabin ka zo ka sallami masu cinikinka. Sun gama da zaure, ga su nan sun shigo ɗakina."